Kunne da Tsirkiya: Yadda Ake Daidaita Amon Jitar Ko-ta-kwana

Gabatarwa

Makaɗin jita da ya riƙi sana'arsa da muhimmanci ba ya hawa dandamali da jita ɗaya tak. Tsirkiya takan tsinke ana tsakiyar waƙa, waya takan kwance a cikin jita, kuma taron da ya biya kuɗin shiga ba zai zauna jiran gyara ba. Saboda haka akan jingine ta biyu a gefe, wadda za mu kira jitar ko-ta-kwana. To amma sau da yawa, da zarar makaɗi ya saɓi ta biyun, sai masu sauraro su ji kiɗan ya sake. Waƙar ita ce dai, hannun ma shi ne, amma jitar ta koma tana tsira kunne, ko kuwa ta dushe ta ɓace a cikin ganguna.

Maganin da makaɗa da injiniyoyin sauti suka fi amfani da shi shi ne wata na'ura da ake kira ikwalaiza, wato na'urar daidaita sauti. A wannan darasi za mu duba yadda ake aiki da ita. Za mu biyo ta hanyar ilmin halittu, domin kuwa kunnen ɗan Adam shi ne alƙalin da ke yanke hukunci a kan ko jita biyu sun yi kama, kuma wanda bai san halin alƙali ba, da wuya ya ci shari'a a gabansa.

Siffofin sauti guda uku

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Ana auna yawan girgizar da wani ma'auni mai suna haz, wanda aka raɗa don tunawa da masanin nan Bajamushe Heinrich Hertz. Haz ɗaya na nufin girgiza ɗaya a daƙiƙa. Masu sauraron rediyo sun saba jin kilohaz da megahaz, to duk gida ɗaya ne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga wajen haz 20 zuwa haz 20,000.

Kowane sautin kiɗa yana da siffofi uku. Ta farko ita ce kari, kamar dai karin sama da karin ƙasa da ɗalibai suka sani a darasin Hausa: in girgiza ta yawaita kari ya hau, in ta ragu ya sauka. Ta biyu ita ce ƙarfi, wanda ake aunawa da desibel. Ta uku kuwa ita ce amo, wato abin da ke sa mutum ya bambance garaya da goge, ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos da molo, ko da kuwa an kaɗa su a kari ɗaya da ƙarfi ɗaya. Kari ana saita shi da makunnan tsirkiya, ƙarfi kuma da maɓallin murya. Amo shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a kansa darasinmu zai tsaya.

Uwar sauti da 'ya'yanta

Tsirkiya ba ta yin girgiza iri ɗaya kawai. A lokaci guda tana girgiza gaba ɗayanta, tana kuma girgiza rabi-rabi, da kashi uku-uku, da huɗu-huɗu, har gaba. Girgizar gaba ɗaya ita ce uwar sauti, ita ce kuma ke ba mu kari. Sauran su ne 'ya'yan sauti, kuma yawan girgizarsu ninkin na uwar ne. Alal misali, tsirkiya ta biyar a jita, in an kaɗa ta ba a danne ba, uwarta haz 110 ce. 'Ya'yanta su ne 220, 330, 440, 550, haka har a wuce haz 3,000. Tsirkiya mafi kauri tana ba da kimanin haz 82, mafi siranta kuma kimanin haz 330.

Masanin lissafi na Faransa Joseph Fourier, a littafinsa na 1822, ya nuna cewa girgiza mai maimaita kanta, komai sarƙaƙiyarta, ana iya warware ta zuwa irin waɗannan sassauƙan girgiza. Sa'an nan a 1863 Hermann von Helmholtz, wanda asalinsa likita ne mai nazarin aikin gaɓoɓin jiki, ya bayyana cewa amo ya dogara ne ƙwarai a kan ƙarfin kowane ɗa idan aka gwada shi da 'yan'uwansa. In 'ya'yan sama suka yi ƙarfi sai mu ce sautin yana da kaifi. In na ƙasa suka rinjaya sai mu ce yana da kauri.

Mai karatu na iya gwada wannan da bakinsa. Ka rera wasalin "u" a kari ɗaya, sa'an nan ba tare da ka sauya karin ba ka koma "a", ka koma "i". Tantanin maƙogwaronka bai sauya yawan girgizarsa ba. Harshe da leɓɓa ne suka sake siffar kogon baki, shi kuma kogon ya ƙarfafa wasu 'ya'yan sauti ya danne wasu. A muryar namiji baligi, wasalin "i" yana ƙarfafa wani yanki da ke sama da haz 2,000, alhali a wasalin "u" wannan yanki yakan sauko kusa da haz 1,000 ko ƙasa da haka. Aikin da bakinka ya yi ɗin nan, shi ne ainihin aikin ikwalaiza.

Yadda kunne ke rarraba sauti

Sauti yana shiga ta kafar kunne, wadda tsawonta ya kai kimanin santimita 2.5, ya bugi dodon kunne. Daga nan ƙananan ƙasusuwa uku, waɗanda aka raɗa wa sunayen guduma da maƙera da likkafa saboda kamanninsu, su miƙa girgizar zuwa kunnen ciki. A can akwai wani bututu mai cike da ruwa, naɗaɗɗe kamar katantanwa, wanda in da za a warware shi tsawonsa zai kai kimanin milimita 35.

A cikin katantanwar akwai wani tantani da ya bi tsawonta. A bakin shiga siriri ne mai tauri, a can ƙurya kuma mai faɗi ne mai laushi. Saboda haka sauti mai yawan girgiza yakan motsa wajen bakin, mai ƙarancin girgiza kuma sai ya ratsa zuwa ƙurya. Georg von Békésy, haifaffen ƙasar Hungari, shi ya ga wannan motsi da idonsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1961. A bisa tantanin akwai ƙwayoyin halitta masu gashi. Jeri na ciki, mai ƙwayoyi kimanin 3,500, shi ke aika saƙo ta jijiyar ji zuwa ƙwaƙwalwa. Na waje kuwa, kimanin 12,000, aikinsu ƙara ƙarfin motsin ne da ƙara masa tsantseni.

Ke nan idan aka kaɗa tsirkiyar nan mai haz 110, wurare da dama ne ke motsi a kan tantanin, kowane ɗa da mazauninsa. Abin da ƙwaƙwalwa ke karɓa ya yi kama da jerin tuddai da kwaruruwa, kuma siffar wannan jeri ita muke ji a matsayin amo. Daidaita jita biyu, a taƙaice, shi ne a sa su zana tuddai masu kama da juna a kan wannan tantani.

Kunne ba ma'auni ne mai adalci ba

Akwai halaye uku na kunne da ya wajaba mai daidaita sauti ya sani.

Na farko, kunne ya fi jin yankin haz 2,000 zuwa 5,000 fiye da ko'ina. Ɗaya daga cikin dalilan haka ɗalibin fizis zai iya lissafa shi. Kafar kunne bututu ne mai rufaffen gefe ɗaya, kuma irin wannan bututu yana amsa sautin da tsawon zangonsa ya ninka tsawon bututun sau huɗu. Santimita 2.5 sau huɗu ya ba mu santimita 10, wato mita 0.1. In aka raba gudun sauti, mita 340 a daƙiƙa, da 0.1, sai a sami haz 3,400. Don haka ɗan bambanci kaɗan a wannan yanki yana isa ya sa jita ta riƙa tsira kunne.

Na biyu, amo yana sauyawa da ƙarfi. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, ma'aikatan ɗakin binciken Bell a Amurka, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa-ƙasa, kunne ba ya jin masu kauri sosai. Kafin a fara jin sauti mai haz 100, sai ya ɗara mai haz 1,000 ƙarfi da fiye da desibel 20. In aka ƙara murya wannan rata takan ragu. Sakamakon haka, cikin jita biyu, wadda ta ɗan fi ƙara za a ji kamar ta fi cika da daɗi, ko da amonsu ɗaya ne.

Na uku, sauti yana rufe sauti. Idan kayan kiɗa biyu suka faɗo wuri ɗaya a kan tantanin katantanwa, mai ƙarfin yakan danne raunanan, kuma masu kauri sun fi iya danne na samansu. Abin da aka ji a jita ita kaɗai a ɗaki, ba lalle ne a ji shi ba idan ganguna da muryar mawaƙi suka shigo.

Me ya sa jita biyu ke bambanta?

A jitar lantarki, babban tushen bambanci shi ne maɗaukin sauti. Wannan maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai, aka ɗora shi a ƙarƙashin tsirkiyoyi. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ya haifar da ɗan lantarki mai siffar girgizar, amfilifaya ta ƙarfafa shi, lasifika ta mayar da shi sauti.

Bari mu ɗauki sanannun jita biyu. Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954, tana da maɗaukai uku masu naɗi ɗaya-ɗaya. Irinta ce Mdou Moctar na Nijar ya shahara da kaɗawa. Gibson Les Paul ta fito a 1952, kuma daga 1957 aka soma sa mata maɗauki mai tagwayen naɗi, ƙirar Seth Lover. An haɗa naɗin biyu ne ta yadda za su kashe gunjin da wutar lantarkin gida ke cusawa, wanda yake haz 50 a Nijeriya da Nijar da Turai, haz 60 kuma a Amurka. Amma tagwayen naɗi suna da wani tasiri. Lantarkin da suke bayarwa ya fi yawa, kuma tudun da suka fi ƙarfafawa yakan sauko wajen haz 2,000 zuwa 3,000, alhali na mai naɗi ɗaya yakan tsaya sama da haka. Shi ya sa Stratocaster ke da kaifi, Les Paul kuma ke da kauri da ƙara. Bugu da ƙari, tsawon tsirkiyar da ke girgiza ya bambanta: kimanin milimita 648 a ta farko, 628 a ta biyu.

Akwai kuma ƙananan dalilai. Tsohuwar tsirkiya, wadda gumi da dauɗa da tsatsa suka kama, takan rasa 'ya'yanta na sama. Doguwar wayar haɗi takan rage kaifi. Maɗaukin da aka ɗaga kusa da tsirkiya ya fi wanda aka sauke ƙara.

Ikwalaiza da maɓallanta

Ikwalaiza tana raba sauti rukuni-rukuni, ta ba mutum damar ɗaga kowane rukuni ko rage shi. Wadda masu jita suka fi sani ita ce Boss GE-7, ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, wanda ya fito a 1981. Tana da maɓallai bakwai masu zamiya sama da ƙasa, a haz 100, 200, 400, 800, 1,600, 3,200 da 6,400, ga kuma na takwas mai kula da ƙarfin duka. Kowanne yana iya ɗagawa ko ragewa har desibel 15. A lura cewa kowace lamba ninkin ta bayanta ce, domin haka kunne ke auna tazara: daga 100 zuwa 200 da daga 3,200 zuwa 6,400 taki ɗaya ne a wurinsa.

Maɓallin 100 shi ke riƙe da gindin sauti. Na 200 da 400 su ne kauri, in suka yi yawa kuma sauti ya cakuɗe. Na 800 da 1,600 su ne tsakiya, masu sa jita ta fito fili cikin taron kayan kiɗa. Na 3,200 shi ne kaifi, na 6,400 kuma ƙyalli ne da ƙarar gogar tsirkiya, ko da yake lasifikar jita ba ta cika fitar da abin da ya haura haz 5,000 da ƙarfi ba. Game da desibel kuwa, bambancin desibel 1 da ƙyar ake jinsa, 3 yana fitowa sarai, 10 kuma kunne na ɗaukarsa kamar an ninka ƙara sau biyu.

Akwai wani nau'in da George Massenburg ya gabatar a 1972, wanda a cikinsa mutum ke zaɓen ainihin haz ɗin da yake so da faɗin yankin da zai taɓa. Akwai kuma manhajojin kwamfuta da ke auna amon jita biyu su zana gyaran da kansu. Duk da haka, matakan aikin ba su sauya ba.

Matakan daidaitawa

1. A fara da abin da ba ya buƙatar na'ura. A sa wa jitar biyu sababbin tsirkiyoyi masu kauri ɗaya, a saita karinsu, a yi amfani da wayar haɗi ɗaya da ɗan roban kaɗi ɗaya.

2. A saita amfilifaya da babbar jita, kada a sake taɓa ta. Ikwalaiza ta shiga tsakanin jita da amfilifaya, a riƙa kunna ta sai in an ɗauki ta ko-ta-kwana. Wannan matsayi yana da muhimmanci, domin amfilifayar da aka tura wa lantarki mai yawa takan murɗe sauti ta haifi sababbin 'ya'ya, don haka gara a gyara abin da ke shiga cikinta tun daga ƙofa.

3. A daidaita ƙarfi kafin a taɓa amo, da maɓalli na takwas. Duk lokacin da aka motsa wani maɓalli, a dawo a sake duba ƙarfin.

4. A naɗi ɗan gajeren kiɗa da babbar jita, mai taɓa tsirkiyoyi masu kauri da sirara, a kaɗa irinsa da ta biyu, a riƙa saurarensu bi da bi ba tare da jinkiri ba. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe cikakkiyar siffar amo sai na 'yan daƙiƙoƙi.

5. A nemo inda bambancin yake. A ɗaga maɓalli ɗaya sosai a saurara, a mayar da shi tsakiya, a koma na gaba. Wanda ya ƙara munin bambancin, shi ne za a rage. Ragewa ta fi ɗagawa, domin duk rukunin da aka ɗaga, har da hayaniyar da ke cikinsa ake ɗagawa.

6. A gwada a ƙarfin da za a yi wasa da shi, tare da sauran makaɗa.

7. A sa wani ya riƙa sauya jitar a bayan mai sauraro. In mai sauraro ya kasa faɗin wadda ake kaɗawa, aiki ya yi. Sai a rubuta matsayin kowane maɓalli a takarda.

Misali, in babbar jita mai tagwayen naɗi ce, ta ko-ta-kwana kuma mai naɗi ɗaya, ana iya farawa da rage 3,200 da 6,400 da desibel 3 ko 4, a ɗaga 400 da 800 da desibel 2 ko 3, sa'an nan a ƙara ƙarfin duka. In akasin haka ne sai a juya lissafin. Wannan mafari ne kawai, kunne ne zai ƙarasa.

Iyakar ikwalaiza

Ikwalaiza ba ta iya ƙirƙiro ɗan sautin da jita ba ta bayar ba. Haka nan ba ta da iko a kan lokaci, wato yadda sauti ke farawa da yadda yake mutuwa. Masu binciken ji sun nuna cewa in aka yanke farkon sautin da aka naɗa, mutane kan sha wuyar gane kayan kiɗan da ya yi shi. Jitar da sautinta ke saurin mutuwa za ta ci gaba da halinta ko yaya aka jera maɓallai.

Wata iyakar ta fi wannan ɓoyuwa. Maɗaukin Stratocaster na wajen wuya yana zaune ne kusan a rubu'in tsawon tsirkiya. A daidai nan ɗan sauti mai ninki huɗu ba ya motsi in tsirkiya a sake take, don haka maɗaukin ba ya jinsa sosai. A tsirkiya mai haz 110 giɓin yana kan 440, a mai haz 82 kuma yana wajen 330. Giɓin yana sauya wuri daga tsirkiya zuwa tsirkiya, alhali maɓallin ikwalaiza a kafe yake wuri ɗaya. Saboda haka wanda zai sayi jitar ko-ta-kwana, ya fi masa sauƙi ya nemi mai maɗauki irin na babbar jitarsa.

Kula da alƙalin kansa

Duk wannan aiki ya rataya ne a kan ƙwayoyin nan masu gashi, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa, saɓanin tsuntsaye da nasu ke sabuntuwa. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal. Ɓarnar ƙara takan fara bayyana ne a wajen haz 4,000, dab da yankin kaifin jita. Makaɗin da kunnensa ya gaji ko ya lalace a nan zai riƙa ɗaga maɓallin 3,200 yana jin daidai ne, alhali jama'a na toshe kunnuwa. Don haka a yi daidaitawa da hutaccen kunne, a riƙa tsayawa ana hutawa, a kuma sa matoshin kunne a wurin wasa. Shawarar nan ta shafi ɗalibin da ke kwana da abin sauraro a kunne kamar yadda ta shafi makaɗi.

Aiki a aji

Malami na iya ɗaure siririyar waya a kan katako, ya tokare ta da gwangwani. A fizge ta a tsakiya, sa'an nan a fizge ta kusa da ƙarshe. Kari ɗaya za a ji, amma amo biyu, domin fizgar tsakiya tana raunana 'ya'ya masu ninki biyu da huɗu da shida. In akwai wayar hannu mai manhajar nuna rabe-raben sauti, ɗalibai za su ga tuddan da idonsu.

Tambayoyi

1. Tsirkiya ta uku a jita tana ba da haz 196. Lissafa 'ya'yanta masu ninki biyu, uku da biyar.
2. Wane maɓalli ne na Boss GE-7 ya fi kusa da ɗanta mai ninki 16?
3. Kafar kunnen jariri ta fi ta babba gajarta. Sautin da take amsawa zai fi na babba yawan girgiza ne ko ƙaranci? Kawo dalili.
4. Me ya sa ake daidaita ƙarfi kafin a daidaita amo?
5. Bisa ƙa'idar desibel 3, awa nawa ya dace mutum ya zauna a cikin ƙara mai desibel 94?